Sharhi kan Curtain Call da Curtain Call 2: muryar Eminem daga 1999 zuwa 2022

Kundin da ake tattara fitattun waƙoƙin mawaƙi a cikinsa haja ce ta kasuwa kafin ya zama wani abu daban, domin kamfani ne ke duba waƙoƙin da suka fi karɓuwa, ya jera su, ya sake sayar wa mutanen da galibinsu sun riga sun mallake su. Amma irin wannan kundi yana da wani amfani da kamfanin bai nufa ba, wato yana ba mai sauraro damar jin muryar mutum ɗaya a shekaru daban-daban cikin zama guda, har ya gane inda ta yi kauri, inda ta gaji, da inda mai ita ya fara tilasta mata. Da wannan niyya na saurari kundi biyu na mawaƙin gambarar Amurka Marshall Mathers, wanda duniya ta sani da Eminem: Curtain Call: The Hits na watan Disamba 2005, da Curtain Call 2 na watan Agusta 2022. Hukuncina shi ne na farko ya cancanci kuɗin da za a biya, na biyu kuma yana ɗauke da labari mai muhimmanci amma an jera shi ta yadda labarin ba zai fito ba sai mai sauraro ya yi aikin da ya kamata masu shirya kundin su yi.

Wajibi ne a faɗi abu ɗaya tun da wuri. Waƙoƙin wannan mawaƙi cike suke da ashar da batsa da kalaman tashin hankali, kuma ba abin da za a kunna ba ne a gaban yara ko iyaye. Manhajojin sauraron waƙa irin su Spotify da Apple Music suna sanya alama a kan waƙoƙin da ke da irin waɗannan kalamai, kuma akwai sigar da aka goge zage-zagen a cikinta, sai dai gogewar takan bar gurabe a tsakiyar baiti har kari ya karye. Wanda ba zai iya jure wa hakan ba, babu ɗaya daga cikin kundin biyu da zai yi masa daɗi.

An haifi Eminem a 1972 a jihar Missouri, ya tashi a Detroit, kuma kundinsa na farko, Infinite na 1996, bai yi kasuwa ba, har aka riƙa cewa yana kwaikwayon salon mawaƙan New York irin su Nas da AZ. Babu ko waƙa ɗaya daga wannan kundi a Curtain Call, saboda haka muryar da ta fi tsufa a nan ita ce ta 1999, bayan mawaƙi kuma mai haɗa kiɗa Dr. Dre ya ɗauke shi a kamfaninsa na Aftermath. A waƙar My Name Is, muryar siririya ce, tana fita ta hanci, kamar ta yaro mai tsokana wanda ya san za a kore shi daga aji kuma hakan bai dame shi ba. Abin da ya fi jan hankalina a wannan zamani shi ne rashin gaggawa. Kiɗan yana tafiya a hankali, mawaƙin yana barin sarari tsakanin layi da layi, yana jefa ba'arsa sannan ya jira ta sauka. A Guilty Conscience, inda Dr. Dre ke fitowa a matsayin zuciyar da ke hani da mugunta shi kuma yake zuga mutum ya aikata, bambancin muryoyin biyu shi ne rabin daɗin waƙar: ta Dre mai nauyi da natsuwa, ta Eminem mai kaifi da rawar kai. Wannan ita ce muryar Slim Shady, wato mugun halin da ya ƙirƙira domin ya faɗi abin da ba zai faɗa da sunansa na yanka ba, kuma duk munin abin da ake faɗa, ana jin cewa mai faɗar yana dariya a cikinsa.

Shekara guda kacal ta isa dariyar ta fara gushewa. The Marshall Mathers LP ya fito a watan Mayu 2000, ya sayar da kwafi kusan miliyan 1.76 a makonsa na farko a Amurka, kuma shaharar da ta zo da wannan ciniki ita ce abin da waƙar The Way I Am ke kuka da ita. A nan muryar ta sauko daga hanci zuwa maƙogwaro. Yana furta kalmomi haƙora a cije, yana maimaita kari iri ɗaya na gaɓa biyu marasa nauyi da ta uku mai nauyi, daga farkon baiti har ƙarshe, a kan fiyano da ƙararrawa masu sanya faɗuwar gaba. Shi ya haɗa kiɗan da kansa, kuma ana jin haka, domin kiɗan da muryar fushi ɗaya suke yi. Wanda ya saurari My Name Is sannan ya bi ta da wannan zai yi zaton shekara biyar ce tsakaninsu.

Waƙar da ta fi nuna iyakar abin da muryar za ta iya a wancan lokaci ita ce Stan, kuma a kanta nake so in daɗe. Labari ne na wani masoyi da ke rubuta wa mawaƙin wasiƙu ba ya samun amsa. Baiti uku na farko da bakin masoyin aka rera su, na huɗu kuma amsar mawaƙin ce wadda ta zo bayan aikin gama ya gama. Mutum ɗaya ne ke rera duka huɗun, amma babu mai sauraron da zai rikice. A baitin farko muryar tana da ladabi da ɗoki, irin na wanda ke ba wa gwaninsa uzuri tun kafin ya nema. A na biyu ladabin yana nan amma an fara jin ɗaci a ƙarƙashinsa, jimlolin sun fara tsawo, numfashi ya fara ƙaranci. A na uku, wanda aka shirya kamar ana naɗarsa a cikin mota, muryar ta tsage gaba ɗaya. Sannan a na huɗu sai komai ya lafa, aka ji murya mai taushi da haƙuri wadda ba a taɓa jin irinta daga gare shi ba a waƙoƙin da suka gabata. Amshin da aka ɗauko daga waƙar Dido, da ƙarar ruwan sama da ta alƙalami a kan takarda, duk suna taimakawa, amma ginshiƙin waƙar shi ne yadda ake ƙara wa muryar zafi kaɗan-kaɗan ba tare da an kai ƙololuwa da wuri ba. Wannan iya riƙe linzami shi ne abin da zan riƙa nema a kundi na biyu, kuma ba kasafai zan same shi ba. Masu shirya Curtain Call sun ƙara da sigar da aka rera kai tsaye tare da Elton John a bikin Grammy na 2001, wadda ta fi muhimmanci a matsayin tarihi fiye da a matsayin abin sauraro.

A 2002, shekarar The Eminem Show da fim ɗin 8 Mile, muryar ta kai cikar ƙarfinta. Ta yi kauri ba tare da ta rasa sauƙin motsi ba, kuma mawaƙin ya koyi ninka muryarsa a ɗakin naɗa ta yadda za ta cika kunne kamar ta mutane da yawa. Lose Yourself, waƙar fim ɗin, wadda ta yi mako 12 a saman jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka kuma ta zama waƙar gambara ta farko da ta ci kyautar Oscar a 2003, ita ce misalin da kowa ke kawowa, kuma da gaskiyarsu. Amsa-amon ciki, wanda masu nazarin rubutacciyar waƙa suka sani sarai, yana bin juna a cikin layi ɗaya har sau uku ko huɗu, amma mai sauraro ba ya lura da dabarar saboda labarin ya ɗauke masa hankali. Sing for the Moment tana da irin wannan nauyi. Without Me kuma ta nuna cewa tsohuwar tsokanar ba ta mutu ba tukuna, sai dai yanzu ta zama tsokanar wanda ya san kowa na kallonsa. Babban giɓin wannan sashe shi ne rashin Till I Collapse, wadda ba a fitar da ita a matsayin waƙar talla ba a lokacin, amma daga baya ta zama cikin waɗanda aka fi saurare a dukan ayyukansa.

Daga Encore na 2004 gajiya ta bayyana. Just Lose It ba'a ce da ba ta da haƙori, cike da sautuka na wasan yara, kuma daga baya mawaƙin da kansa ya danganta raunin wannan zamani da ƙwayoyin da yake sha. Duk da haka a cikin wannan gajiyar ne aka samu Mockingbird, inda yake yi wa 'yarsa bayanin rabuwar iyayenta da murya ƙasa-ƙasa, kusan magana ce kawai ba rerawa ba. Like Toy Soldiers, wadda ke roƙon a daina gabar da ke tsakanin mawaƙa kafin a rasa rai, tana da nauyin da ba ta da shi a lokacin fitarta, domin bidiyonta ya nuna mutuwar amininsa Proof, kuma a watan Afrilu 2006 aka harbe Proof har lahira a wani gidan rawa a Detroit. Cikin sababbin waƙoƙi uku da aka ƙara wa kundin, When I'm Gone ce kaɗai ta cancanci wurinta. Wadda aka sanya nan da nan bayan gabatarwa kuwa ƙazanta ce tsagwaronta, kuma sanya ta a gaban The Way I Am da Stan kamar a ajiye kwandon shara ne a ƙofar zaure. Duk da wannan aibi, Curtain Call kundi ne matsattse wanda za a iya saurare a zama ɗaya, kuma ba mamaki ba ne da ya shafe fiye da shekara goma a jadawalin Billboard 200.

Tsakanin kundin biyu akwai shiru na shekaru, kuma ba za a fahimci muryar da ta dawo ba sai an san abin da ya faru a cikinsu. A 2005 ya soke rangadinsa na Turai ya shiga asibitin masu fama da ƙwaya saboda maganin barci. Mutuwar Proof ta biyo baya. A watan Disamba 2007 ya sha maganin methadone fiye da kima har ya kusa mutuwa, kuma daga watan Afrilu 2008 ne yake ƙirga ranar da ya daina shaye-shaye. Ya faɗa a hirarraki cewa sai da ya sake koyon rera gambara bayan wannan jinya. Wannan shi ne labarin da Curtain Call 2 ya kamata ya buɗe da shi.

Maimakon haka sai kundin ya buɗe da Godzilla ta 2020, ya yi tsalle zuwa 2018, ya koma 2011, ya sake dawowa gaba, har waƙoƙi sama da talatin a faifai biyu ba tare da wani tsari da kunne zai iya bi ba. Na farkon ma ba a jera shi bisa shekaru ba, amma shekara shida ko bakwai kawai ya ƙunsa, don haka kunne yana iya haɗa zaren. A nan shekara goma sha uku ce, kuma muryar ta sauya aƙalla sau huɗu a cikinsu. Shawarata ga duk wanda ke da manhajar da ke ba da damar haɗa jerin waƙoƙi ita ce ya warware kundin ya sake jera shi da kansa daga 2009 zuwa 2022. Aikin minti goma ne, kuma sai bayan na yi shi ne kundin ya fara ma'ana a wurina.

Idan aka jera haka, abin da ke zuwa farko shi ne Relapse na 2009, inda mawaƙin ya riƙa lanƙwasa harshensa da wani baƙon lafazi da ba na kowace ƙasa ba. A 3 a.m. ana jin dalilin: lanƙwasa wasula yana ba shi damar haɗa amsa-amo tsakanin kalmomin da a lafazin yau da kullum ba za su haɗu ba. Dabara ce ta gwani, amma kuma mafaka ce, domin mutumin da ya fito daga jinya ya zaɓi ya yi magana da bakin mahaukacin makashi maimakon nasa. Beautiful ce kaɗai a nan ke cire wannan rufi, kuma muryar da ke cikinta a karye take, a hankali, ba ta neman burge kowa. Abin takaici ne da ba a sanya Déjà Vu ba, waƙar da ta fi kowace bayyana yadda shaye-shayen ya cinye shi. Is This Love, wadda aka naɗa tare da 50 Cent a wancan zamani amma ba a fitar ba sai a wannan kundi, ƙarin shaida ce mai daɗi ta yadda muryar take a 2009.

Da Recovery na 2010 sai ya watsar da lafazin, har ya amsa a cikin Not Afraid cewa ya wuce gona da iri a kansa. Abin da ya maye gurbinsa shi ne tsawa. Daga Won't Back Down zuwa No Love zuwa Cinderella Man, muryar tana farawa ne daga ƙololuwa ta zauna a can, a kan manyan ganguna da amshi irin na filin wasa. Na fahimci abin da ya sa miliyoyin mutane suka rungumi wannan zamani, domin murya ce ta wanda ya tsallake rijiya da baya kuma yake so kowa ya ji. Love the Way You Lie tare da Rihanna ta dace da tsawar, tunda rikicin ma'aurata take bayarwa, haka ma You're Never Over da ya yi wa Proof. Sai dai Recovery ne ya fi kowane kundi samun gurbi a Curtain Call 2, kuma idan aka saurari waƙoƙinsa a jere kunne yakan gaji, saboda wanda ya fara da ihu ba shi da inda zai hau idan maganar ta yi zafi. Nan ne na fi tuna baiti uku na Stan.

Daga 2013 sai hankalinsa ya koma kan gudu da lissafin gaɓoɓi. Rap God tana da kalmomi 1,560 a cikin minti shida da daƙiƙa huɗu, abin da ya shigar da ita kundin bajinta na Guinness, kuma baitin ƙarshe na Godzilla ya zarce ta a sauri. Babu mai musun cewa wannan ƙwarewa ce da 'yan kaɗan ke da ita, balle ga mutumin da ya haura shekara arba'in. Amma wani abu ya tafi. Muryar ta bushe, ta yi kaushi, kuma ya ɗauki ɗabi'ar datsa layi gunduwa-gunduwa, yana tsayawa a tsakiyar jimla domin amsa-amo ya faɗa daidai inda ya auna, ko da kiɗan yana neman wani abu daban. A waƙoƙin farko kalmomi suna zaune a cikin kiɗa kamar an haife su tare, a nan kuwa sau da yawa kiɗan shimfiɗa ce kawai da ake baje kaya a kanta. Wasa da kalma mai ma'ana biyu ya yi yawa har wani lokaci ana gina layi uku domin a kai ga raha ɗaya da ba ta kai wahalar ba. Lucky You da Fall, daga Kamikaze na 2018 wanda ya fitar ba sanarwa bayan sukar da kundinsa na baya, Revival, ya sha, suna da kuzari na gaske, sai dai fushin da ke cikinsu na wanda ke karanta abin da ake rubutawa a kansa ne, ba irin na 2000 ba da ake jin kamar bango ne ke matse mutum.

Akwai wurare uku a wannan dogon zango da suka sa ban yi nadamar lokacin da na kashe ba. Headlights ta 2013 neman gafara ce ga mahaifiyarsa, wadda ya yi wa kaca-kaca a Cleanin' Out My Closet shekara goma sha ɗaya kafin nan, kuma tunda kowace tana cikin kundi ɗaya daga cikin biyun, mai sauraro zai iya jera su kusa da juna ya ji yadda murya ɗaya ta tashi daga tuhuma zuwa nadama. Walk on Water ta 2017, tare da Beyoncé, ba ta da ganga ko ɗaya, fiyano ne da mutum yana shakkar ko har yanzu yana da abin bayarwa, kuma ko da yake an soke ta sosai lokacin da ta fito, a wurina tana cikin mafi gaskiya a kundin. Darkness ta 2020 kuma, wadda ke bin tunanin maharbin da ya kashe mutane a Las Vegas a 2017, ta dawo da tsohuwar dabarar shiga rigar wani da murya a kwance, ana ƙara nauyi sannu a hankali har gaskiyar labarin ta bayyana. Ita ce hujjar cewa bai manta yadda ake riƙe linzami ba, zaɓi ne yake yi ya sake shi.

Sauran kundin ciko ne da yawa. Waƙoƙin da aka yi wa fina-finai, irin su Phenomenal da Kings Never Die da Venom, sun yi kama da juna, kuma yawan baƙin mawaƙa masu rera amshi, daga Bruno Mars zuwa Ed Sheeran, yana sa wasu sassan su zama kamar shirin rediyo. From the D 2 the LBC da ya yi da Snoop Dogg a 2022 tana da daɗi saboda dalilin da bai yi wa Eminem kyau ba: natsuwar Snoop a gefensa tana tona yadda shi yake ta faman cusa gaɓoɓi a kowane lungu. Da an rage faifan biyu zuwa ɗaya mai waƙa goma sha shida, da an samu kundin da zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da na farko.

Ga wanda bai taɓa sauraron mawaƙin ba, Curtain Call na 2005 ya wadatar, muddin ya tsallake waƙar da ke bin gabatarwa. Ga wanda ya san na farkon kuma yake son jin abin da jinya da shekaru suka yi wa muryar, Curtain Call 2 ya fi dacewa a saurare shi ta manhaja, inda za a iya sake jera shi a kuma zubar da cikon, maimakon a sayi faifan da ke tilasta bin tsarin kamfani. Kundin ya tsaya a 2022, shekarar da aka shigar da shi zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame, don haka bai ƙunshi The Death of Slim Shady na watan Yuli 2024 ba, inda dattijon ya koma yana jayayya da muryar ƙuruciyarsa a cikin waƙa ɗaya. Wanda ya haɗa nasa jerin zai iya ƙara Houdini daga can a ƙarshe, ya saurare ta nan da nan bayan Without Me, domin an gina Houdini ne don ta tuno da ita.